Ɗakin Baƙi a Yendi

Mun tashi daga Salaga da asuba, ni da abokin aikina, kowa da jakarsa, kwamfutar kuma na rungume ta a ƙirji. Bawku muka nufa, wajen wani taron masu fasahar intanet, inda ƙananan kamfanoni irin namu za su nuna abin da suka ƙera a gaban masu ɗaukar nauyi. Namu shafi ne na cinikin doya da hatsi: mai kaya ya sa hoto da farashi, mai saye ya gani ya kira shi kai tsaye. Mun daɗe muna ciyar da shi daga aljihunmu, kuma aljihun ya gaji. Abokina ya ajiye aikin koyarwa saboda wannan shafi, ga matarsa da tsohon ciki. Mun riga mun yanke cewa in muka dawo hannu rabbana, rufe shi za mu yi.

A bakin ƙofa mahaifina ya miƙo mini ƙullin goro. Ya ce, "Ka kai wa babanka na Yendi. Kuma kada in ji kun kwana a otal."

Ga wanda bai sani ba, tun zamanin fataucin goro gidanmu ba ya ratsa Yendi sai ya sauka a gidan fatoma guda. Fatoma shi ne mai masaukin baƙon ɗan kasuwa. Zai ba ka ɗaki da abinci, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta tashi, sannan ya ɗauki la'adarsa. Kakana a gidan yake sauka, mahaifina ma haka.

Hanyar Bimbilla ba ta canza hali ba. Ruwan sama ya cinye gefenta, direba na kauce wa rami ɗaya yana faɗawa biyu. Hagu da dama kunyoyin doya ne har iyakar gani. A Bimbilla muka karya da koko da ƙosai, kuma ƙosan ya ƙanƙance yadda sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Na yi wa mai tuyar ƙorafi, ta ce, "Maigida, ka je ka tambayi mai sayar da wake."

Bayan azahar muka isa Yendi. Baba, fatoman namu, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, idanunsa sun yi rauni, amma da jin muryata ya kira sunan kakana. Ya sinsina goron, ya sa aka buɗe mana ɗakin baƙi, wanda ya ce ba a taɓa ba wa kowa haya ba. Aka kawo sakwara da miyar zabo. A tsakar gida akwai tarin doyar wasu baƙi, amma bai kai rabin wanda na saba gani ina yaro ba.

Da la'asar abokina ya buɗe kwamfuta don mu maimaita jawabinmu. Shafin farko hoton doya ne, a ƙarƙashinsa an rubuta da manyan baƙaƙen Turanci cewa babu dillali, babu la'ada. Ni na rubuta shi, kuma sai a tsakar gidan nan na fara jin nauyinsa. Baba ba ya karanta boko. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya ce, "Wannan doyar Salaga ce, daga gani." Ya tambaye ni wane irin aiki ne, na ce kasuwanci ne ta waya, na tsaya a nan. Ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a mai tsawo, yana roƙon Allah ya ɗora mu a kan duk abin da ya tare mana hanya. Na shafa, amma ban iya kallon fuskarsa ba.

Washegari muka bi ta Gushegu. Ƙasa ta fara buɗewa, doya ta ragu, dawa da gero da itatuwan kaɗanya suka karɓi gona. Wajen gangaren dutsen nan na yankin Gambaga tsoro ya kama kowa a motar, har wata mata da ta yini tana faɗa da kwandasta ta koma salati. Daga Garu shingayen sojoji suka yawaita, ana sauka ana buɗe jaka. Bawku ta tarbe mu da warin albasa, da amalanken jakuna, da babura ɗauke da kayan da suka shigo ta Pusiga, garin kan iyaka. Mutanenta akwai karamci, sai dai saboda rikicin da garin ke fama da shi kowa yana son ya shige gida da wuri, shi ya sa ma aka tsara taron ya tashi kafin la'asar.

Zauren taron ba shi da girma, amma tutocin masu ɗaukar nauyi sun kusa rufe bango: wani banki, wani kamfanin waya, da wata ƙungiya daga Accra. Su ne a kujerun gaba da ruwan gora, mu kuma a baya kowa yana addu'ar kada wuta ta ɗauke a lokacinsa. Wata budurwa ta nuna manhajar tuna wa masu ciki ranar awo. Wasu samari sun kawo manhajar gano shanun da suka ɓata, amma intanet ta ƙi musu, suka sauka idanunsu jajur. Na tausaya musu ƙwarai, domin na san irin daren da suka raba a kanta.

Kafin a kira mu na raɗa wa abokina cewa mu tsallake shafin farko. Ya dube ni ya ce, "Shi ne fa abin da suka zo ji. Matata ta kusa haihuwa." Ba da faɗa ya faɗe ta ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Na hau, na karanta shi yadda yake. Wakilin bankin ya tafa tun ban rufe baki ba. Ya ce irin wannan suke nema, wanda zai cire masu cin gumin manomi daga tsakiya. Na san akwai dillalan da suka cancanci wannan magana, na sha ganinsu a kasuwar Salaga. Amma ni fuska ɗaya nake gani, ta tsohon da ya ba mu ɗakinsa. Kafin a tashi aka sanar da waɗanda za a tallafa wa, muna ciki. Abokina ya fita waje ya kira matarsa.

A dawowa na so mu bi ta Bolgatanga da Savelugu, mu kauce wa Yendi. Na san mahaifina zai tambaya, don haka muka koma ta inda muka fito. Labari ya riga mu isa. Baba ya sa an yanka zabi biyu, yana gaya wa maƙwabta cewa jikokin baƙinsa sun ci gasa.

Bayan an kawo abinci na zauna kusa da shi na gaya masa komai, har da abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton doyar. Ya saurara bai katse ni ba. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "To. Ku ci abinci kada ya huce."

Da safe ya rako mu har bakin titi, abin da bai yi ba a zuwanmu na farko. Ya sa aka ɗora mana doya a mota, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya wa babanka ɗakin yana nan. Ko ba ku zo da kaya ba, ku sauka."

Mun iso Salaga lafiya, shafin zai ci gaba, abokina ya samu abin riƙe gidansa, kuma na gode wa Allah. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda muke kira na tsakiya a allon kwamfuta mutum ne mai gida da tabarma, kuma wani lokaci a kan tabarmarsa ka kwana. Na isar wa mahaifina da saƙon Baba. Ya tambaye ni ko na gaya wa tsohon irin aikin da muke yi, na ce na gaya masa. Sai ya ce a fere doyar, da ita za mu ci abincin dare.