Jan Maɓalli na Uku

Ranar da na fara aiki a shagon ɗinki bayan rasuwar maigidana, Mai Sito ne ya lura ina matse ido wajen zura zare. Ya ɗauke kujerata ya mayar bakin taga.

Dogon mutum ne, mai tafiya a duƙe, alli a maƙale bayan kunne kullum. Shekara ashirin yana riƙe da makullin yadudduka, ko ƙyalle bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya so karatun lissafi, hali bai yi ba, sai ya riƙa sauke shi a kanmu lokacin hutu.

"Yaya," haka yake kirana ko da ya girme ni, "abin da aka cire daga jaka ba a mayar ba, ya canza rabon na baya."

Da mai shagon za ta rufe, ta bar kekunan ɗinki uku a raba mana ta ƙuri'a. Mu goma sha biyu ne. Keke a wurina shi ne abincin 'ya'yana. Mai Sito ya kawo jakar yadi, ya ce maɓalli sha biyu ne a ciki, uku jajaye, duk wadda ta zaro ja ta ci keke. Kowacce ta ɗauka ta riƙe abinta.

Ni ce ta ƙarshe a layi, ina ta salati ina kallon hannuwa. Ta biyu ta ɗauki ja, ta shida ma. Bayan ta tara saura uku, ja ɗaya: rabona ɗaya cikin uku. Ta goma ta fito da fari, ya koma rabi. 'Yar Guntuwa, maƙwabciyar kujerata, ta zaro nata, fari.

"Shi ke nan, tsohuwa, kin ci!" in ji ta. "Ɗinkin jikokina kyauta ne fa."

Na sa hannu na laluba. Maɓalli ɗaya ne ya rage. Fari.

"Ƙanina, ina na ukun?" na tambayi Mai Sito.

"Wata ta ɗauka ba ki gani ba, Yaya," ya ce yana naɗe jakar, idonsa a ƙasa.

Na gani sarai. Shi ya koya mini ƙirgar. Bayan mako guda na wuce ƙofar gidansa, na hango surukarsa, wadda ba ta taɓa aiki da mu ba, tana taka ɗaya daga cikin kekunan shagonmu, mai tsagaggen murfi. Tun lokacin wankau nake yi.

Shekaranjiya aka binne shi. Na je gaisuwa, mata na ta yabon amanarsa, suka juyo suna jiran nawa. Allah Ya ji ƙansa kawai na ce. Akwai shekarar da ya kwanta ciwo na je duba shi, ya ce mini, "Yaya, in na riga ki tafiya, ki shaide ni da abin da kika gani."