Ranar Da Na Tsokani Kakan Surukina

'Yata ta fara zama da kanta amma surukina bai taɓa ɗaukar ta ba. In mun je gidansa a unguwar Abbey Wood sai ya leƙa keken jarirai da take ciki, ya ce "kyakkyawa ce," ya maida hannuwansa aljihu. Maigidana ya ce haka tsohon yake. Ni kuwa abin yana cina. Na auri Bature, na baro uwata a Kafanchan, in kakan yarinyar nan bai karɓe ta ba, wa take da shi a ƙasar nan?

Abin haushin, tsohon yana da son dangi, amma sai waɗanda suka mutu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai neman kakansa, wanda ya zo daga Ireland haƙar ramin jirgin ƙasa. Da na fara jin labarin na yi mamaki, don a garinmu duk ɗan Ireland da na sani fada ne na coci, kuma fada ba ya aure, balle jika. Ashe suna da na gida masu haihuwa.

Ya bi coci-coci yana sa a buɗe masa littattafan baftisma da na aure. Wani fada ya tura shi wajen wani, har aka gano cocin da aka yi wa mamacin addu'ar ƙarshe, daga nan aka gane maƙabartar. Ranar zuwa maigidana yana aiki, tsohon kuma gwiwa ta hana shi tafiya shi kaɗai. Aka ce in raka shi.

Maƙabarta da jaririya! Na goya ta, na ɗaure zani tamau, na lulluɓe ta har kai. Muna shiga Baba, surukin nawa, ya fara nuna kaburbura da yatsa. "Wannan ɗan yankinmu ne. Wancan ma." Mu tun muna yara an ce in ka nuna kabari sai ka ciji yatsunka duka, in ba haka ba su ruɓe. Shi ba zai cija ba, sai ni nake cije nawa a ɓoye a madadinsa. Kafin mu kai ofishin maƙabartar yatsuna sun yi ja.

Matar ofishin ta duba, ta raka mu can ƙarshe kusa da katanga. Muka wuce masu mala'ikun dutse da masu fure. Ta tsaya a wani fili, ciyawa ce kawai. Ta ce nan ne, kabarin talakawa ne, ana haɗa mutane da yawa rami ɗaya, ba a kafa dutse. Ta ba mu haƙuri ta tafi.

Baba ya cire hula. Ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya sayo fure, ga shi bai san ma inda zai ajiye ba. Na ga yana shirin kuka. Ni kuma in na tsorata bakina ba ya tsayawa. A wurinmu jika ba ya kuka a kan tsohon da ya ga jikoki, tsokanar sa ake yi har bakin rami. Ban san lokacin da na kwance goyo na juya yarinyar wajen ciyawar ba, na ce da Hausa:

"Kai tsoho, tashi! Ga amaryarka na kawo maka tun daga Najeriya, ka wani miƙe kana barci. Ko kujera babu a gidan naka? Kuma ɗaki ɗaya kai da mutane barkatai, a ina za ka sa ta?"

Baba ya juyo. "Me kika ce masa?"

Na ce addu'a ce.

"Addu'a ake yi da riƙe ƙugu?"

Dole na fassara masa da guntun Turancina. Na ce a wurinmu jika mace matar kakanta ce ta wasa, tana zagin sa, yana zagin ta, ba mai fushi. Nan take na fara tunanin yadda zan gaya wa maigidana cewa na zagi mataccen gidansu.

Sai ya dubi ciyawar ya ce, "Gaya masa kuma an ce duk albashinsa a mashaya yake ƙarewa. Shi ya sa ba dutse."

Na gaya masa da Hausa, har na ƙara gishiri. Baba ya yi wata dariya mai haɗe da tari, ya jefa furen tsakiyar fili ya ce su raba.

"Tsaya," ya ce. "Ke nan ni ma mijinta ne?"

"Kai ne ma na kusa, Baba. Kuma malalacin miji, wanda bai taɓa ɗaukar matarsa ba."

Ya fito da hannuwansa daga aljihu ya nuna mini. Rawa suke yi, sosai. Ya ce, "Zan yar da ita."

Ban taɓa lura ba, ni da nake ganin komai. Na ce ya zauna a bencin da ke gefen hanya. Na ɗora masa ita a cinya, na durƙusa na tallafe ta ƙasa. Ta dube shi, ta kama hancinsa ta murɗa, sannan ta yi masa tumbuɗi a wuyan kwat.

"Kin gani?" ya ce wa yarinyar. "Haka kakarki ta yi mini ranar da muka haɗu, sai dai ita giya ta sha."

Na miƙa hannu in karɓe ta in goge masa. Ya ce in bari, shi da matarsa suna magana.