Ranar da Na Kai Inna Kotu Rantsuwar Shekaru

A makaranta aka fara koya mana kalmar dikilareshan. Malamin Turancinmu ya ce magana ce mai nauyi da ake yi a bainar jama'a, wadda ba a janyewa. Da ita ƙasa ke shelar 'yancin kanta, da ita ake sanar da wanda ya ci zaɓe, da ita kuma mai muƙami ke bayyana kadarorinsa. Duk mun haddace, mun rubuta a jarrabawa. Amma a Katsina, in ka ji mutum ya ce zai je ya yo dikilareshan, to ba ƙasa zai 'yanta ba. Takardar shekaru yake nufi, wadda babba a gida ke rantsewa a kotu cewa an haifi wane a shekara kaza.

Ina da shekara talatin da ɗaya aka buɗe ɗaukar aiki a wata ma'aikata, aka ce ban da wanda ya haura talatin. Lokacin na shekara shida da takardar digiri a akwati, ina tsaron shagon atamfa a Babbar Kasuwa, na gaji tilis. Abokai suka ce mene ne abin damuwa, kowa da shekarun gida da na ofis. Na yanke shawarar zubar da biyu.

Mahaifina ya rasu, don haka Inna, mahaifiyata, ita ce za ta rantse. Ban faɗa mata zancen ragin ba. Na dai ce takardar aiki ce, ta ɗauko mayafinta na zuwa biki, muka hau keke mai ƙafa uku daga unguwarmu Kambarawa tana ta yi mini addu'a har muka sauka.

Mai buga takardu a bakin kotu ya buga abin da na faɗa masa, ko kallona bai yi ba. Muka shiga wurin magatakarda, wani dattijo mai gilashi a kan hanci. Suka gaisa da Inna, gida, iyali, gajiya, kamar sun shekara da sanin juna. Sannan ya ce sai ya fassara mata kafin ta dangwala yatsa.

Ya karanto da Hausa cewa ita ce ta haife ni, a unguwa kaza, a shekara kaza. Inna ba ta san lissafin shekarun Bature ba, sai ta ce, "Malam, nawa ke nan anka ba shi?"

"Ashirin da tara, Hajiya."

Ta shiga lissafi da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa na tsura wa fankar ofishin ido.

"A'a," ta ce a hankali. "Azumi talatin da ɗaya na yi babu maigidana. Ya rasu wannan yana wata bakwai, ko zama bai gama iyawa ba."

Na matso na rage murya. "Inna, kowa haka yake yi. Takarda ce kawai, aikin zai wuce ni."

Ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba. "In na rantse ka zo duniya bayan ubanka ya daɗe a ƙasa, mi na ce ke nan? Ɗan wa za ka zama? Ni kuma mi na zama?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni lamba kawai na gani, biyu daga talatin da ɗaya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Magatakarda ya cire gilashinsa yana gogewa, ya bar mu da juna.

Na fita na sa aka sake buga takardar da shekarata ta gaskiya, ina sane aikin ya tafi ke nan. Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu lokacin da na miƙa ta.

Ni ne ɗan farinta, kuma Inna mace ce mai tsananin alkunya. Tun tasowata ba ta kiran sunana, ba ta nuna ni a gaban mutane, sai dai "wannan" ko "kai". Da magatakarda ya sake karantawa ya tambaye ta ko ta yarda, sai ta miƙa yatsa da kanta, ta ɗaga murya har na bakin ƙofa suka ji.

"Na yarda. Ɗana ne, ni na haihe shi, kuma ubansa ya ɗauke shi da hannunsa."