Sarƙar Anga da Yatsun Baba

Babanmu aikin jirgin ruwa ya yi a Jidda, wani ƙaramin jirgi mai dakon tumaki. Mu kuwa muna unguwar Tandabawi, can nesa da teku, ko tafki ba mu taɓa gani ba. Ran Juma'a yake zuwa gida yana warin baƙin mai.

Shi ke kula da anga, ƙugiyar da ke tsayar da jirgi. Da carbin Umma yake yi mana darasi, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Ya ce ba ƙugiyar kaɗai ke riƙe jirgi ba, har da nauyin sarƙar da ta kwanta a ƙasan teku. Da birki ake sakinta sannu sannu. In birki ya kasa, sai ta kwasa a guje tana tartsatsi.

"In ta gudu, kai ma gudu," in ji shi. "Kada ka sa hannu."

To, mai wa'azin ne ya sa hannu. Wata Talata da la'asar sai ga shi, hannun dama naɗe da rawani. Sarƙa ta karkace a bakin inji, ya kai hannu zai gyara, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, ta ja.

Umma ta ce, "Malam, don Allah tashi mu tafi mustashfa."

Ya ce a'a, shi ba zai je asibiti ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ya zauna bayan Hajji. A ganinsa, daga gadon asibiti sai hukuma ta jefa shi jirgin Kano, a bar mu mu biyar da Umma. Wani maƙwabci mai ɗori aka kira. Bayan mako, yatsu uku suka yi baƙi, dole aka cire. Wallahi na ji haushinsa, na daɗe ina ji.

Sai da ya yi furfura aka sami damar gyara takardu. Ni na raka shi ofis, inda ake ɗaukar zanen yatsu. Ya ɗora hagu a gilashi, lafiya lau. Ya ɗora dama, gilashin kusan fayau.

Ma'aikacin ya ce da Larabci, "Ya Hajji, me ya sa ba ka je likita ba?"

Baba ya nuna ni da yatsu biyun da suka rage.