Ɗan Kunne na Uku

Duk matar da ta taɓa sayen 'yan kunne a layin teloli ta san Inna Mai Uku, ko da ba ta taɓa jin sunanta na gaskiya ba. Shagonta ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin na tela da na mai gyaran agogo. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, da taga mai kallon gabas. Shekara talatin da huɗu ta yi a kan kujerar nan tana haɗa 'yan kunne masu geza, irin waɗanda ke lilo har kusa da kafaɗa in mace ta juya kai.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Takan zura ƙananan duwatsun ado a siririyar waya, sili bayan sili, har bakwai ko tara, ta lanƙwasa kan kowanne da filaya ya zama ɗan zobe. Sannan ta tattara silin a wuya guda, ta naɗe da waya sau uku, naɗi kusa da naɗi, ta yanke, ta danne bakin wayar ciki. Daga nan sai ta goga wurin a leɓenta na ƙasa. In ya karce ta ko kaɗan, warwarewa take yi ta sake. Tela yakan ce ita kaɗai ya sani mai ɗanɗana hajarta kafin ta sayar, ita kuwa ta ce masa da shi ma yana ɗanɗana ɗinkinsa da ba a dawo masa da wando kullum ba.

Abin da ya ba ta suna shi ne ba ta taɓa yin 'yan kunne biyu ta tsaya ba. Uku take yi. Ta ba mai saye biyu, na ukun ta sa a kwalin ashana, ta rubuta alama a bayansa da biro, mai wushirya, ko matar direba, ko malamar asibiti mai dariya, ta jefa a durowa. Dalilinta ɗaya ne: ɗan kunne ba ya ɓata tare da ɗan'uwansa. Ɗaya ke faɗuwa a mota ko wurin wanka, a bar mace da guda a hannu, ba ta iya sawa ba ta iya yarwa. Ranar da hakan ta faru, ko bayan shekara goma ne, sai ta zo, Inna ta jawo durowa ta miƙa mata nata. Mata da yawa sun yi kuka a bakin tagar nan, kuma ba don darajar duwatsun ba.

'Ya'yanta biyu, babban namiji, sai Auta. Mijinta ya rasu Auta na goye, don haka a ƙarƙashin teburin nan yarinyar ta yi rarrafe, tana tsintar duwatsun da suka zube. Tana shekara goma sha biyar hannunta ya fi na uwar sauri, naɗinta kuwa ko Inna ba ta iya bambanta shi da nata. Da ta gama sakandare Inna ta yi mata nata 'yan kunnen, shuɗi mai duhu da ɗigon fari a ƙarshen kowane sili, ta ajiye na ukun kamar na kowa. A bayan kwalin ba ta rubuta komai ba.

Shekara biyu bayan haka Inna ta kwanta zazzaɓi na mako uku, Auta ta riƙe shago. Aiki ya zo da yawa, wani irin jan dutse ya yanke a kasuwa, yarinyar ta buɗe durowa ta ga ja birjik a kwance cikin kwalaye, wasu tun tana rarrafe. A ganinta kaya ne da aka manta. Ta warware tsofaffi goma sha ɗaya, ta cika aikin mutane a kan lokaci, tana ɗokin uwarta ta warke ta yaba mata.

Ranar da Inna ta dawo, kafin ma ta zauna, wata tsohuwa ta iso da ɗan kunne ja guda ɗaya ƙulle a bakin mayafinta. Marigayin mijinta ne ya saya mata. Inna ta jawo durowa da murmushi, ta ɗauko kwalin, ta girgiza, ba ta ji komai ba. Auta ta yi bayani da kanta, ba ta ɓoye ba. Tsohuwar ta ce babu komai, ta ƙulle abinta ta tafi, kuma wannan babu komai ɗin ne ya fi ƙona Inna. Ta juya ga 'yarta a gaban tela, a gaban mai agogo da masu wucewa.

“Na ɗauka hannuna na ba ki, ashe yatsu kawai kika ɗauka. Ki fita. Kada ƙafarki ta ƙara taka shagon nan.”

Auta ta ajiye filaya a kan tebur a hankali ta fita.

Ba a yi gaba ba, kada a ɗora musu abin da ba su yi ba. Auta ta yi aure, ta bi mijinta wani gari mai nisa, takan kira a waya. “Inna, ina kwana? Ya jiki?” “Lafiya lau. Ya yara?” Daga nan sai a ce a gai da mutan gida. In ta zo gari gidan yayanta take sauka, ta je ta gai da uwarta a ɗaki, kanta a ƙasa, amma ko layin teloli ba ta bi. Shekara goma sha huɗu ke nan. Inna ta san maganarta ta yi nauyi, ta sani tun a ranar, kafin la'asar. Sai dai ita irin mutanen nan ce da za su iya warware naɗin waya sau goma amma ba su iya warware kalma ɗaya ba. Ta yi ta jira ɗan kunnen shuɗi ya ɓata, kamar yadda na kowa ke ɓata, yarinyar ta zo karɓar na uku, magana ta gyaru ba sai an yi ta ba. Amma Auta mai tattali ce, ita ta koya mata.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe wa Inna gani. Da farko ramin dutse ne ya daina ganuwa, ta koma zurawa da lalube. Daga baya ja da ruwan goro suka zama ɗaya. Ranar da ta haɗa wa wata geza mai launi biyu ba ta sani ba, ɗanta ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

“Inna, ya isa haka. Ɗakinki na nan an share. Ƙarshen wata mu rufe.”

Ba ta musa ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta mayar wa mutane kayansu. Tela ya rubuta sanarwa ya manna a ƙofa, labari ya bi gari, mata suka riƙa zuwa, wasu da jikoki. Tela na karanta bayan kwali, Inna na shafa abin da ke ciki tana faɗin shekarar da ta yi shi. Waɗanda masu su suka rasu aka ba 'ya'yansu. Durowa ta yi ta raguwa har ya zama in an jawo ta kwali ɗaya ke gungurawa a ciki.

“Wannan ba rubutu,” in ji tela. “Na wa ne?”

“Mai shi ta san da shi.”

“In sa yayanta ya kai mata?”

“Ba a aika na uku. Zuwa ake yi.”

Tela ya daɗe da sanin halinta, ya mayar da kwalin durowa. Amma da ya koma kan kekensa an ji shi yana waya ƙasa-ƙasa, ya fi minti goma, shi da ba ya son ƙona kati.

Ranar ƙarshe Inna ta zo tun da hantsi. An riga an kwashe gwangwanayen duwatsu, saura tebur da kujera, su ma mai mota zai zo ɗauka da yamma. Ta zauna ta dafa durowa. Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da likita ya gaya mata batun idonta. In aka rufe ƙofar nan, maganar da ta yi a cikinta ta zauna ke nan har abada, don ba sauran shagon da za a ce wa mutum ya shigo.

Azahar ta wuce. Ta ji tela ya tsayar da keke a tsakiyar ɗinki, abin da ba ya yi. Inuwa ta tare hasken ƙofa, ta tsaya daga waje.

“Salamu alaikum. Inna, sannu da aiki.”

“Wa alaikumus salam. Yaushe a gari?”

“Ɗazu.” Auta ta gyara tsayuwa. “Ɗan kunnena ne ya faɗi. Guda ɗaya. Na ce ko na ukun yana nan.”

Inna ta jawo durowa, kwalin ya gunguro ya bugi yatsunta.

“Daga nan zan sa miki? Hannuna bai kai ba. Shigo.”

Auta ta tsallako dokin ƙofa. Ta durƙusa a gefen kujera kamar yadda take yi tana yarinya in za a gwada mata sabon aiki. Inna ta lalubi fuskarta. Kumatun sun faɗa, akwai layi a gefen baki da ba ta san da shi ba. A kunnen dama ta sami gezar, sili tara, naɗinta na shekarun baya yana nan daram. Kunnen hagu babu komai, sai dai fatar wurin da ɗumi, hujin a buɗe, irin na kunnen da bai daɗe da rabuwa da nauyi ba. Ido ne ya tafi, kunnen Inna na nan, kuma ta yi shekara talatin da huɗu tana jin ƙarar da geza ke yi in an motsa ta. Ta ji ta a ƙasa, siririya, daga cikin hannun da Auta ta dunƙule a kan cinyarta.

Inna ta buɗe kwalin, ta ɗauko na ukun, ta goga naɗin a leɓenta don sabo, ta zura ƙugiyar a kunnen 'yarta. Sai da ta gwada sau biyu. Wani abu mai ɗumi ya ɗigo mata a bayan hannu, ba ta san ko na wace ce a cikinsu ba.

“Ya zauna?”

“Ya zauna, Inna.”

Inna ta sauke hannunta, ta lalubo dunƙulallen hannun nan, ta rufe shi da nata biyu.

“To sassauta, Auta. Kin matse shi da yawa, za ki lanƙwasa mana waya.”