Agarar da Na Yanke

Mahaifina mahauci ne. Rumfarsa tana Babbar Kasuwa, gidanmu kuma a Ƙofar Marusa. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran abin da na sani a gaban teburinsa na koya. Idan an feɗe akuya, yakan ɗauki ƙafar baya ya buɗe mani ita da bakin wuƙa, a hankali kamar mai warware rawani. Ya nuna mani jar tsoka da farin tantanin da ya lulluɓe ta, da yadda take sirancewa har ta zama jijiya ta kama ƙashi. Sai ya ja jijiyar da yatsu biyu, kofato ya lanƙwashe kamar akuyar na da rai. Ko bayan na yi aure abin bai daina ba ni dariya ba.

"Tsoka ke ja, jijiya ke kai saƙo," in ji shi. "Wannan babbar ta bayan ƙafa ita ce agara. Da ita dabba ke tsayuwa, da ita muke rataye cinya. Kada wuƙarka ta kusance ta in dai dabba na numfashi."

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ciwon gwiwa ya zaunar da Baba a gida. Ya kira ni ya ba ni wuƙarsa ta yanka, mai ƙota naɗe da jar fata, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Garin kuwa sai shagali, kowace unguwa ana ɗora tukwane. Wani Alhaji a Ƙofar Guga da ya ci zaɓe ya sayo bajimin sa don walima, ya aiko a zo a yanka. Na tafi a madadin Baba, tare da yaran rumfarmu.

Yadda ake kayar da sa sananne ne: igiya a ƙaho, igiya a ƙafar baya, a bi shi da haƙuri har ya gaji. Wannan san bai gaji ba. Sau uku yana watsar da mu. Magoya bayan Alhaji suka kewaye mu suna shewa.

"Kai, ɗan mahauci ne wannan ko ɗan tela?"

"A kira tsohon mana, ko a kujera a ɗauko shi!"

Alhaji ya leƙo yana duba agogo, ya ce, "Malam, baƙi fa sun fara isowa."

Raina ya ɓaci. Na zagaya bayan san, na sare agararsa ta hagu. Ƙafar ta saki nan take, ya zube yana wani kuka da har yau nake ji. Aka yi mani tafi. Na yi bisimilla na yanka.

Cikin abin da Alhaji ya ba mu har da cinya guda, kuma ban lura wadda aka saka mani a buhu ba. Da la'asar na ajiye ta gaban Baba a zaure. Ya ɗauko ƙugiya zai rataye ta, ya laluba, babu inda za ta kama.

"Mi ya sami agarar?"

"Wajen fiɗa ne wuƙa ta zame, Baba."

Ya buɗe wurin da babban yatsa. Jini ya taru ya daskare, tsokar ta tsuke ta gudu sama.

"Yankan bayan mutuwa ba ya tara jini haka," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Kawo wuƙar."

Na miƙa masa. Ya goge ta, ya mayar cikin kube. Daga ranar ƙanensa ke yanka a rumfarmu, ni na koma riƙon igiya. Baba ya ci gaba da ci da ni a kwano ɗaya, yana ba ni labarin shanun da ya kayar a ƙuruciyarsa, amma maganar wuƙa ba ta sake tasowa ba. Na san abin da yake jira: in ce na yi, kuma na yi masa ƙarya. Kullum sai in ce gobe. Damina biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinsa.

Wajen rabon kayansa wuƙar ta faɗo hannuna, ba shi ya ba ni ba. Tana cikin akwati, ban sake yanka da ita ba. Allah Ya jiƙan Baba, ni kuma Ya yafe mani hakkin san nan.