Ranar da Baba ya bar teburin nama

Akwai abin da ya same ni a Jega, ba a daɗe da cire Kebbi daga jihar Sakkwato ba, wanda har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Lokacin ina saurayi, ni ne mai ci wa kulob ɗinmu na Sabon Gari ƙwallo. Muna wasa a wani filin ƙaramar hukuma mai tsohon sito a gefe. Wata rana muka tarar ana kewaye shi da waya. Aka ce hukuma ta ba wata ƙungiyar taimako hayar filin da siton na wasu shekaru, za su riƙa koya wa yara masu raunin fahimta gudu da tsalle. Mu kuma aka tura mu wani fako a bayan gari, duk tsakuwa.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanena yana cikin waɗanda aka ɗauka. Da wannan rauni aka haife shi. Ya yi tsawo, amma maganarsa ta ƙaramin yaro ce. Sai ga shi yana dawowa gida da riga mai lamba da sabon takalmin gudu, ni kuwa nawa ɗinki a kan ɗinki. Kullum Inna sai ta tambaye shi me ya koyo. Ni ko ƙwallo nawa na ci, ba mai tambaya. Ina son yaron nan, amma in ya shigo da rigar sai kishi ya kama ni.

Aka shirya gasa, aka kawo yara daga Aliero da Maiyama, kuma ta faɗo ranar kasuwa. Babanmu mahauci ne, ko zazzaɓi ba ya ɗaga shi daga teburinsa ranar kasuwa. Na je don in ga abin da aka yi da filinmu, sai na hango Baba riƙe da wayar shingen, ko rigar aiki bai sauya ba. Mutumin da bai taɓa zuwa kallona ba!

Aka busa usur. Ƙanena ya wuce kowa, amma da ya hango Baba sai ya rage gudu yana ɗaga masa hannu, har biyu suka wuce shi. Baba bai damu ba. Ya rungume shi yana dariya, hawaye na zuba. Na juya na tafi, ko barka ban iya cewa ba.

Washegari, muna dawowa daga mayanka, na ce wa Baba ni dai ban taɓa ganinsa bakin fili ba. Sai ya ce, “Kai ko ban zo ba, gari duka na kiran sunanka, ina ji daga kasuwa. Wanga yaro kuwa, in ban tsaya mai ba, wa za ya ɗaga wa hannu?”

Ba zan ce kishin ya tafi a ranar ba. Ya ɗauki lokaci. Sai da na haifi nawa na gane cewa uba ba ya raba kansa daidai tsakanin 'ya'yansa. Inda ya ga babu kowa, nan yake zuwa ya tsaya.